Haruffa a Hargitse, Amsa da Harshen Damo

A ƙasar Amurka akwai wani ɗan wasa na wasa ƙwaƙwalwa da ke fitowa kowace safiya a shafukan baya na jaridu, kusa da zane-zanen ban dariya, wanda suke kira Jumble, wato hargitsi ko cakuɗa. Filin da yake ci a shafi bai wuce tafin hannu ba. Duk da haka ya haura shekara saba'in yana fitowa, kuma akwai tsofaffin da ba su ajiye jarida sai sun ga bayansa, ko da kuwa shayinsu zai huce. Mun ga ya dace mu kawo labarinsa a wannan shafi na iyali, domin idan aka tone shi za a tarar yana da abin da zai gaya mana game da Hausar da ƴaƴanmu ke ji, da wadda suke iya karantawa.

Wani mai zanen littattafan barkwanci, Martin Naydel, shi ne ya ƙago wasan a shekarar 1954, kuma da farko sunansa Scramble. A 1962 wasu mutum biyu suka karɓe shi: Bob Lee yana tsara kalmomi, Henri Arnold yana zane. Sun ɗebi wajen shekara talatin suna aiki tare, shi kuwa Arnold bai ajiye alƙalaminsa ba sai a 2008, lokacin da Jeff Knurek ya gaje shi. A 2011 David Hoyt ya karɓi aikin tsara kalmomin. Wani kamfanin rarraba rubuce-rubuce na Tribune da ke birnin Shikago ne ya riƙa sayar da shi ga ɗaruruwan jaridu, ta yadda mutumin da ke gabashin ƙasar da wanda ke yammacinta za su wayi gari suna fama da kalma ɗaya.

Tsarinsa ba shi da wahalar ganewa. Ana ba ka kalmomi huɗu waɗanda aka birkita haruffansu, biyu masu haruffa biyar, biyu masu haruffa shida. A ƙarƙashin kowace akwai gurabe da za ka rubuta kalmar idan ka gano ta, kuma wasu daga cikin guraben an zagaye su da da'ira. Idan ka gama da kalmomin huɗu sai ka tsince haruffan da suka faɗa cikin da'ira, ka tara su gefe guda. Su ma a hargitse suke. A gefen shafin akwai ɗan zane, da wata jimla a ƙarƙashinsa wadda aka bar ƙarshenta a buɗe, kuma da waɗannan haruffa da ka tsinto ne za ka cike ta. A nan gishirin wasan yake, domin amsar ƙarshe kusan kullum magana ce mai harshen damo: a fili tana nufin abu ɗaya, a ɓoye tana nufin wani, kuma dukansu biyu sun dace da zanen.

Ga misali irin na harshensu, wanda kowane yaro a can ya sani. A Turanci kalmar need tana nufin bukata, kalmar knead tana nufin cuɗa kwaɓin fulawa, amma a baki ba ka bambance su. Kalmar dough kuma sunan kwaɓin ne, kuma a maganar kan titi kuɗi ake nufi da ita. Saboda haka idan aka zana mai gashin burodi a bakin taga ta banki, aka tambayi abin da ya kawo shi, amsar za ta fito da ma'ana biyu a numfashi ɗaya: yana cuɗa kwaɓi, yana bukatar kuɗi. Mu da muka bi ta lakwal mun san irin wannan a Faransanci. Avocat lauya ne, kuma ɗan itace ne da ake yankawa a ci. Mer, mère da maire, teku da uwa da magajin gari, duk sauti ɗaya ne, kuma babu ɗan makarantar da bai sha jan biro a kansu ba ranar shifta.

Mai karatu zai lura cewa sai da muka ɓata layi biyar kafin mu bayyana wannan raha ta mai burodi, kuma kafin mu kai ƙarshe dariyar ta mutu. Haka abin yake a kowane harshe. Ana fassara labari, ana fassara wa'azi, ana fassara takardar likita, amma harshen damo ba ya tsallake iyaka. Shi ya sa baƙon da ya yi shekara ashirin a Amurka, yana aiki da Turanci safe da yamma, zai iya warware kalmomin nan huɗu cikin minti uku, sa'an nan ya tsaya cik a gaban amsar ƙarshe. Gane maganar da ke da fuska biyu shi ne abu na ƙarshe da mutum yake samu a harshen da ya koya, kuma a ganinmu shi ne abu na farko da yake suɓuce wa yaron da harshen gidansu ya fara yi masa nisa.

Kafin mu zo ga wannan, bari mu ɗan yi lissafi. Haruffa biyar mabambanta ana iya jera su ta hanya 120. Haruffa shida kuwa ta hanya 720. Babu mai zama ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba haka gwanayen wasan suke yi ba. Suna neman haruffan da suka saba tafiya tare a harshen, kamar th da ch da qu, ko ƙarshen kalma irin ing da ed, su ware su, sai abin da ya rage ya zama kaɗan. Wasu sukan sake rubuta haruffan a zagaye kamar ƙwaryar tuwo, don ido ya daina bin jerin da mai wasan ya shirya. Domin shi mai tsarawa ba ya watsa haruffa haka kawai. Yakan jera su yadda za su yi kama da wata kalma ta daban, hankali ya maƙale a kanta. Wasu kuma sukan fara daga ƙarshe: su dubi zanen, su ƙidaya guraben amsa, su cinki rahar, sa'an nan su komo baya da haruffanta su taimaki kansu a kan kalmar da ta gagara. Akwai masu ganin wannan ha'inci ne. Mu dai ba mu ga laifinsa ba, tun da wanda ya cinki rahar daga zane kaɗai ya riga ya yi aikin da ya fi wuya.

Wannan lissafi na 120 da 720 ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malaman lugga a zaure. Fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyu da suka wuce, a birnin Basra, Khalilu ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Sibawaihi kuma wanda ya tsara ilmin aruli, ya so ya tattara kalmomin Larabci ba tare da ko ɗaya ta kuɓuce masa ba. Dabarar da aka bi a ƙamus ɗin da ake jingina masa, Kitabul Aini, ita ce a ɗauki baƙaƙen tushen kalma a juya su ta kowace fuska. Tushe mai baƙi biyu yana juyuwa sau 2, mai uku sau 6, mai huɗu sau 24, mai biyar sau 120. Daga nan sai a bi su a ware: wannan musta'amal ne, wato Larabawa suna amfani da shi, wannan muhmal ne, wato an yi watsi da shi. Duk wanda ya zauna da fensir yana juya haruffan Jumble, yana cewa wannan kalma ce, wannan ba kalma ba ce, aikin Khalilu yake yi a ƙaramin sikeli, ko ya sani ko bai sani ba. Ba muna cewa Naydel ya kwaikwayo daga Basra ba ne. Lissafi ne ɗaya, mutane biyu suka iske shi ta hanyoyi daban-daban, ɗaya don ya tsare harshe, ɗaya don ya sayar da jarida.

Bayan Khalilu, Ibnu Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya ƙara matsawa gaba a littafinsa Al-Khasa'is. Ya ɗauki baƙaƙen kaf da lam da mim, ya nuna cewa biyar daga cikin juyi shida ana amfani da su, ɗaya ne kawai aka bari, kuma ya yi ƙoƙarin nuna cewa dukansu suna komawa ga ma'anar ƙarfi. Uku daga cikinsu ma sun shigo Hausa tun tuni: kalma, kamala, mulki. Ba dukan malamai suka yarda da shi a kan cewa kowane tushe haka yake ba, kuma da gaskiyarsu, domin wani wurin sai an ja ma'anar da igiya kafin ta iso. Amma gwada irin wannan a Hausa yana da daɗi. Ɗauki ta da wa da da. Juyi shida za su ba ka tawada, wadata, tadawa, dawata, datawa da watada. Uku na farko kalmomi ne tsayayyu, ta huɗu dawa ce da aka liƙa wa mallaka, sauran biyun kuwa sai a ajiye su a ɓangaren muhmal. Almajiran da suka ga cewa tawada da wadata haruffansu ɗaya sukan yi murmushi, kowa da irin fassarar da yake yi wa abin.

Ita ma rahar ƙarshe tana da suna a ilmin balaga. Tauriyya ita ce a faɗi kalma mai ma'ana biyu, ta kusa da ta nesa, mai sauraro ya kama ta kusa alhali ta nesa ake nufi. Hariri na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 516 bayan Hijira, ya cika Muƙamominsa hamsin da irin wannan, har a ɗaya daga ciki aka jero wa gwarzonsa Abu Zaidi tambayoyin fiƙihu ɗari, ya ba da amsoshin da duk mai ji zai ce ya saɓa wa shari'a, sai an koma ga ɓoyayyar ma'anar kalmar a ga ashe daidai ya faɗa. Wannan littafi ana karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa tun kakanni. Saboda haka idan wani ya ce mana wasa da kalma aikin marasa abin yi ne, mukan tuna masa cewa manyan malamai sun ƙare ƙuruciyarsu a kan Hariri, kuma da shi suka kaifafa Larabcinsu.

To, idan aka ce za a yi wannan wasa da Hausa, me zai faru? Abu na farko, rabin farko na wasan zai yi sauƙi fiye da na Turanci. Kalmar Hausa tana son baƙi ya biyo wasali, wasali ya biyo baƙi, kuma mafi yawan kalmominmu da wasali suke ƙarewa. Idan aka ba ka haruffa shida, uku baƙaƙe uku wasula, ba ka da bukatar tunanin hanya 720. Baƙaƙen suna jeruwa ta hanya 6, wasulan ta hanya 6, shida sau shida 36 ke nan. Yaron da ya gane wannan dabara zai riƙa warware kalma kafin babansa ya gama gyara tabarau. Dama kunnen yaranmu ya saba da juya gaɓoɓi, tun daga zaurancen da ƴan mata ke yi don kada a gane sirrinsu, inda tafi ke komawa fita. Wahalar tana kan mai tsarawa. Saboda wannan tsari na baƙi da wasali, haruffa kaɗan sukan haifi kalmomi da yawa: ra da ga da wasula biyu za su ba ka riga, gari, ragi da gira. Rami yana juyewa ya zama mari, kwano ya zama wanko, rawani ya zama rinawa. Ƙa'idar wasan kuwa ita ce kowace cakuɗa ta ba da kalma ɗaya tak, in ba haka ba haruffan da'ira za su fito ba daidai ba, amsar ƙarshe ta lalace.

Abu na biyu ya fi ban sha'awa, kuma shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Rahar Turanci da ta Faransanci yawanci ta kunne ce: kalmomi biyu, rubutu daban, furuci ɗaya. Rahar Hausar boko kuwa yawanci ta ido ce: rubutu ɗaya, furuci daban. Dalili shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna hawa da saukar murya. Idan ka rubuta fari, ba a san ko launi kake nufi ba, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu, ko ƙwarin da ke cinye hatsi, sai an ga jimlar. Maraya yana iya zama yaron da ya rasa mahaifi, yana iya zama birni. Jibi rana ce, jibi abinci ne. A baki babu Bahaushen da zai rikita su. A takarda kuwa tagwaye ne. Akwai kaɗan da suka haɗa duka biyu, kamar sa na garke da sa na sanya riga, waɗanda ko a baki ba su rabuwa. Abin mamaki, da ajami aka rubuta da yawa daga cikin wannan raha da ta watse, domin ajami yana nuna dogon wasali: garin tuwo yana ɗaukar alif bayan harafin farko, garin da ake zama a ciki ba ya ɗauka. Wato abin da masana suka daɗe suna kuka da shi a matsayin naƙasar boko, shi ne jarin mai tsara wannan wasa.

Ga gwaji da muka tsara. Wanda yake so ya jarraba kansa sai ya rufe abin da ke ƙasa da tafin hannu.

RITUM: a ɗauki harafi na 3 da na 5.
NUNAH: a ɗauki na 2 da na 3 da na 4.
GAJEME: a ɗauki na 2 da na 3 da na 5.
BIDUMA: a ɗauki na 2.

Tambaya: me ya fitar da mai injin niƙa daga ƙauyensu? Amsar kalma biyu ce, ta farko haruffa 5, ta biyu haruffa 4.

Kalma ta farko turmi ce, ta ba mu R da I. Ta biyu hannu, ta ba mu A da N da N. Ta uku jemage, ta ba mu E da M da G. A kan ta huɗu ne gardama takan tashi. Wani zai ce madubi, wani zai ce mabuɗi, kuma kowa zai rantse haruffan sun cika. Mai madubi ne da gaskiya, domin D ɗin da aka bayar ba shi da ƙugiya. Kalmomin nan biyu ba abin da ya raba haruffansu sai wannan ɗan lanƙwasa da ke kan harafi ɗaya, kuma idan aka tsaya aka yi wa yaro bayaninsa a wannan lokaci, yana cikin zafin gardama, ba zai sake mantawa ba. Haruffa masu ƙugiya sun zauna a rubutun Hausa tun shekarun 1930, kuma taron masana da aka yi a Bamako a 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma ya bar su a wurinsu. Amma yau saƙonnin wayar hannu sun kusa share su. Ana rubuta baki ana nufin baƙi, ana rubuta kasa ana nufin ƙasa, ana rubuta fada ana nufin faɗa, mai karɓa ya yi ta cinke. A wasan haruffa babu cinke: baƙi yana juyewa ya zama ƙiba, baki ba ya yi.

Haruffan da muka tsinto su ne R, I, A, N, N, E, M, G, A. Amsar ita ce NEMAN GARI. Ya bar ƙauye neman birni, ko kuwa ya fita neman abin da sana'arsa ke samarwa. Mai karatu ya zaɓa.

A nan ne ya kamata uba ya dubi fuskar ɗansa. Yaranmu da yawa suna yini a lakwal da Faransanci, da yamma su tafi makarantar allo ko Islamiyya da Larabci, Hausa kuwa ta zama harshen aike da kiran cin abinci. Suna jin ta, suna magana da ita, amma ba a taɓa sa su karanta layi ɗaya da ita ba, balle su rubuta. A gidajen da suka yi nisa da ƙasar Hausa, a zangunan Kumasi da Akara ko unguwannin Yawunde da Injamena, abin ya fi haka, domin a can Hausar tana gogayya da wasu harsuna ko a bakin ƙofar gida. Yaron da ya karanta neman gari ya tuntsire da dariya kafin a yi masa bayani, Hausarsa tana nan da ranta, domin ya ji kalmomi biyu a cikin rubutu ɗaya. Wanda ya karanta ya ɗaga kai yana jiran a ce masa me ke nan, ba wauta ce ke damunsa ba. Ɗaya daga cikin ma'anonin ce ba ta taɓa isa kunnensa ba, ko kuwa bai san cewa abin da yake faɗa da baki ana iya ganinsa a takarda ba. Babu jarrabawar da ke auna wannan a makaranta, kuma babu maki a kansa a takardar ƙarshen shekara, shi ya sa iyaye ba su farga sai yaro ya girma yana sauraron hirar kakarsa kamar mai sauraron labarun rediyo, yana gane zancen, ba ya gane abin da ya sa ake dariya.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin waya da ke warware cakuɗaɗɗun haruffa cikin ƙiftawar ido. Gaskiya ne, a Turanci da Faransanci suna da yawa, kuma wasannin kalmomi sun ƙaura zuwa waya tun tuni. Wordle, wanda ya ɓulla a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Shi ma tsohon shirin talabijin na Faransa, Des chiffres et des lettres, wanda Armand Jammot ya faro a 1965 da sunan Le Mot le plus long, kuma da yawa daga cikinmu muka koyi jera haruffa a gabansa, an rufe shi a 2024. Sai dai wasan waya na mutum ɗaya ne, kai a sunkuye. Wanda muke magana a kansa yana da wani hali da ya sa ya dace da tabarmar tsakar gida: rabinsa na masu boko ne, rabinsa na masu harshe. Ɗan sakandare zai riga kowa warware haruffa. Amma idan aka zo ga tambayar ƙarshe, sau da yawa kaka ce, wadda ba ta taɓa riƙe fensir ba, za ta faɗi amsar daga inda take zaune tana ɓarar gyaɗa, domin ita ce ta tashi da kacici-kacici da karin magana da habaici. Jikan ya duba haruffansa ya ga sun yi daidai da abin da ta faɗa. Wasannin da ke sa waɗannan biyu su bukaci juna ba su da yawa.

Ga wanda zai tsara nasa a gida, akwai abubuwan da gwaji ya nuna mana. A fara daga amsar ƙarshe, a nemi raharta tukuna, sa'an nan a nemo kalmomi huɗu da za su ba da haruffanta. Wanda ya fara daga kalmomin zai kwana bai gama ba. A zaɓi sunayen abubuwan da yaro ke gani, kayan ɗaki, dabbobi, abinci, a guji kalmomin da aka liƙa wa mallaka irin dawata da gidansu, domin da su kusan kowace cakuɗa za ta ba da amsa biyu. A yi shawara tun farko a kan sh da ts da kw da gy: sautinsu ɗaya ne, amma mun ga ya fi sauƙi a ba kowane harafi gurbinsa. A kuma amince da karin harshe ɗaya kafin a fara, don kada mutumin Tawa ya rubuta hwara inda mutumin Damagaram ko Kano ya rubuta fara, a tashi da rigima. Idan gardama ta ƙi ƙarewa a kan ko wata kalma Hausa ce, tsohon ƙamus na Bargery na 1934 yana raba ta, in babu shi kuwa a kai ƙara wurin mafi tsufa a gidan. Ba sai mun tsawaita a kan ladabi ba: ba a sa kuɗi a kai, ba a gina raha a kan sunan wani ko naƙasarsa ko ƙabilarsa, kuma ayoyi da hadisai ba kayan cakuɗawa ba ne. Zane ba dole ba ne. Tambaya mai kyau ta wadatar, ko da yake yaron da ke da hannu zai so a bar masa wannan aiki.

Ga na biyu, wanda za mu bar amsarsa sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. A warware kowace kalma, a ɗauki haruffan da aka ambata daga kalmar da aka warware.

YANUK: na 2 da na 4.
WAELA: na 1 da na 4.
WADIKA: na 2 da na 3 da na 6.
JARUKE: na 1 da na 6.

Tambaya: me tela ya ce ran da raƙumin dawa ya kawo masa ɗinkin riga? Kalma biyu, haruffa 5 da haruffa 4.